Wa Yake Ɗaga Hannun?

Zuwa ga Yaya Likita,

Sallama, da gaisuwa gwargwadon nisan da ke tsakaninmu. Ina fata ƙarin karatun da kika tafi bai ramar da ke ba. Mu nan lafiya lau, in aka cire ni. Yara sun rabu da tarin da ya zagaye gidan, mai ɗakina tana kan kekenta na ɗinki, Goggo kuma tana nan da gwiwarta, suna faɗa safe da yamma. Ita ce ta ba ni adireshinki.

Na san za ki juya ambulan ɗin nan kina neman wanda ya tuna da ke, tunda rabonmu da haɗuwa tun rasuwar kakarki. To ni ne Roba, mai aikin wayar lantarki. Kakarki da tawa ciki ɗaya suka fito, kuma a duk dangi ke kaɗai ce ma'aikaciyar ɗakin gashin ƙashi a asibiti, saboda haka ba ki da wurin gudu.

Watannin baya tsani ya zame da ni ina jan waya a rufin wani shago. Na faɗo a kan kafaɗar dama, ta goce. A asibiti suka mayar da ita, suka rataye min hannun a wuya na wani lokaci, da aka kwance suka ce in riƙa zuwa gashi. Na je, na ga layi har bakin ƙofa, na kuma ga abin da ake yi a ciki bai wuce ja da lanƙwasawa ba. Sai muka dawo da abin gida, muna yi kowace safiya kafin yara su tafi makaranta.

Kin san jininmu. Duk wanda ya fito daga tsatson kakannin nan namu, babban yatsansa yana kwantawa har ya taɓa tsintsiyar hannu, in ban da ke da kika ɗebo ƙashin gidan babanki, ko takalmi sai kin nemi kujera kafin ki ɗaura. To jinin bai ba ni kunya ba. Yanzu hannun yana kaiwa har kunne, yana zagayawa har tsakiyar gadon baya, ba ciwo ko kaɗan.

Ga dalilin takardar. Ubangidana ya samu aikin wani babban zauren taro, fankoki da fitilu gaba ɗaya. Ya ce wurina yana nan har farkon wata, bayan nan zai ɗauki wani. Amma ba zai ɗora ni a tsani ba sai wanda ya san abin ya ce na warke. Shekaru na yi ina bin mutumin nan kafin ya yarda ya bar min rufi ni kaɗai, ba na son in koma ɗaukar jaka a bayan wani. Ki duba abin da na faɗa miki, ki rubuto min abin da zan nuna masa.

Ƙaninki,
Roba

*

Roba,

Na amsa gaisuwa. Ina lafiya, sai dai idona ya gaji da karatu, ga jarrabawa a gaba, ga wadda muke ɗaki ɗaya mai minshari kamar injin niƙa. Ka gaishe da Goggo, ka ce ta rage hawa benen nan. Ka gaishe da mai ɗakinka da ban taɓa gani ba.

Na gane ka tun daga rubutun, har yanzu layinka gangarowa yake yi. Kuma ni ba likita ba ce, na gaya wa danginmu har bakina ya bushe.

Allah ya ƙara sauƙi. Ban ji daɗin barin gashin da ka yi ba, amma na san layin, ni nake kiran sunaye a irinsa. In dai hannu yana kaiwa kunne, yana zuwa baya, ba ciwo, to ka yi sa'a, mutane da yawa sai sun yi kuka a kan gadonmu kafin su kai nan. Ban ga abin da zai hana ka komawa aiki ba.

Sai dai ka fara da aikin ƙasa, soket da makunni da duk abin da bai wuce ƙirjinka ba. Kada ka ɗauki abu mai nauyi sama da kanka sai ka yi makonni kana jin yadda yake. A tsaye na rubuta wannan, ka yi haƙuri da gajartarta.

Zancen takalmi kuwa, da ƙashin gidan babana nake ɗaga ƙato daga keken marasa lafiya in kwantar da shi. Ka zo da yatsanka ka gwada.

Yayarka

*

Yaya Likita,

Ina gaisuwa, ina fata jarrabawa ta zo da sauƙi. Gida lafiya. Ƙaramar 'yarmu ta fara haƙori, ba mai barci. Goggo ta ce benen ba naki ba ne.

Takardarki ta iso ana gobe wa'adi zai cika. Na kai wa ubangidana, na ninke ta daidai inda kika ce ba abin da zai hana ni komawa. Sauran bai gani ba. Ban ga amfanin mutum ya dawo aiki yana zaɓen abin da zai taɓa ba.

Ranar farko na ja waya a bango, lafiya ƙalau. Washegari aka zo ɗaura fankoki. Yadda muke yi, mutum biyu ne a tsani biyu, ɗaya ya tallafe fankar, ɗaya ya zura ƙusa a ƙugiyar rufi ya ɗaure. Abokin aikina Dogo ne, ƙarfi kamar me, amma hannunsa ba ya miƙewa sosai, kullum sai ya ƙara hawa mataki. Ya ɗago fankar. Ni kuma na kama hannun dama da na hagu na kai shi sama, yadda mai ɗakina take ɗaga min da safe, na sa shi a gindin fankar. Ya zauna daram. Dogo ya ce, "Ka riƙe?" Na ce na riƙe. Ya saki don ya ciro ƙusa a aljihu.

Yaya, ban ji ciwo ba. Hannun kawai ya sauko, ina kallonsa kamar na wani ne. Na hagu yana riƙe da tsani. Fankar ta daki matakin Dogo, fiffike ɗaya ya yanke shi a ƙwauri, ta ƙarasa ƙasa ta fasa tayil. An yi masa ɗinki, yana takawa. Da na je duba shi cewa ya yi, "Haba Roba, da ka ce ba ka riƙe ba, ai ba dukanka zan yi ba."

Ubangidana bai yi faɗa ba, ni kuwa da ma faɗan ya yi. Ya ɗauki wani a aikin zauren. Ya ce duk ranar da zan iya hawa tsani in ɗaura ƙwan fitila da hannun dama a gabansa, ba tare da na hagu ya taimaka ba, in zo mu yi magana, in akwai wuri a lokacin.

Abin da ban gane ba, yau da safe ma hannun ya kai kunne. To mene ne ya lalace?

Roba

*

Roba,

Gaisuwa. Na gama jarrabawa, lafiyata ƙalau. Ka yi wa Dogo sannu da jiki, ka ce wata da bai sani ba tana ba shi haƙuri.

Zancen ninke takarda na bar ka da shi. Nawa kason shi ne, ka rubuto cewa hannu yana kaiwa kunne, ni kuma ban tambayi wanda yake kai shi ba. Tambayar farko ke nan da muke yi wa duk wanda ya shigo ɗakin gashi. Sai a takardarka ta biyu na ga ashe ɗaga maka ake yi.

Abu biyu ne ka haɗa wuri ɗaya, duk danginmu ma haka suke yi. Akwai laushin gaɓa, wato iyakar inda hannu zai kai in wani ya kai shi, kai kana sake da jiki. Wannan kun gada, ba ƙoƙarinku ba ne. Akwai kuma ikon motsi, wato iyakar inda kai da kanka za ka kai shi, ka tsayar da shi a can, ka sauko da shi a hankali lokacin da ka ga dama. Shi wannan ba a gadonsa. Naman kafaɗarka ya kwanta tun da aka rataye hannun, kuma ba wanda ya tashe shi, domin kullum akwai mai yi masa aikinsa. Masu jiki irin naku ma sun fi kowa bukatar ƙarfin nan, tunda gaɓar ba ta da birkin kanta, naman ne ke tsayar da ita. Ina zargin shi ya sa ta goce da sauƙi tun farko.

Ka tsaya a gaban madubi, ka sa hannun hagu a aljihu, ka ɗaga na dama. Inda ya tsaya, nan kake, ba a kunne ba.

Ka koma asibiti su duba ko jijiya ta tsinke, ka bi layin ko ya kai titi. In ba ta tsinke ba, ga aikinka. Ka kwanta rigingine ka ɗaga hannun shi kaɗai, a kwance ya fi sauƙi. Ka tsaya a jikin bango ka tafi da yatsu sama kamar gizo-gizo, ka ja layi da fensir inda ka tsaya. In ya fara yarda, ka ɗauki kofi ba ruwa ka ɗora a saman kabad, ka sauke a hankali. Saukewar ta fi ɗagawar muhimmanci. Kuma ka gaya wa mai ɗakinka ta cire hannunta daga naka, domin muddin ita ke ɗagawa, shi ba zai koya ba.

Ka rubuto min inda fensir ya tsaya.

Yayarka

*

Roba,

Ina gaisuwa, ina lafiya. Wata ya mutu, wani ya kama, ba amsa. Ko takardata ta ɓace a hanya, ko ka ninke ta gaba ɗaya. Goggo ta aiko cewa kowa lafiya, amma Goggo ko gida na cin wuta haka za ta ce. Layi biyu ma sun isa.

Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ya karatu, ya baƙunta. Ba ki san ni ba, ni ce matar ƙaninki. Yara lafiya, haƙoran ƙaramar sun fito. Shi ma yana ci yana barci, in wannan ne lafiya.

Takardunki duka sun iso. Doguwar ya karanta min da baki, har inda kika ce in cire hannuna daga nasa. Na cire. Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Lokacin da aka kwance masa hannun nan, ko cokali ba ya kaiwa baki. Ni nake barin ɗinkin mutane in dafa ruwa in gasa masa, in ɗaga kaɗan yau, in ƙara kaɗan gobe, yana cije leɓe ina cije nawa. Sai ga takarda daga nesa, wai ni na hana hannun koyo. Har Goggo ta ji, kin kuwa san in Goggo ta ji, dangi sun ji. Wata a cikinsu ta tambaye ni ko gata ne ya yi masa yawa.

To tun ranar ban ƙara taɓa shi ba. Ya je asibiti, sun ce jijiya ba ta tsinke ba. Ya yi na madubin, hannun ya tsaya ƙasa da kafaɗa, ya daɗe a tsaye yana kallo. Yana yin na bango da na kofi, ba ya fashi. Layin fensir ya hau kaɗan, sannan ya tsaya wuri ɗaya. Bangon ɗakina duk ya zama allon makaranta.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na shekaranjiya. Ina gwada masa rigar da na ɗinka, na manta, na kama hannun zan zura. Yaya, bai kai kunne ba. Ya ƙage a hanya, da na matsa sai ya yi ƙara. Hannun da nake naɗewa kamar ƙyalle. Shi ya fi ni tsorata, domin tun da aka haife shi ba wata gaɓa tasa da ta taɓa ƙin lanƙwasuwa. Ya ce in ƙarfi bai zo ba, laushin ma ya tafi, me ya rage da za a kira shi Roba. Shi ya sa ba ya rubuto miki.

Ƙwan fitilar barandarmu ya ƙone tun watan jiya. Ya hana ni kiran kowa, ya hana ni hawa, shi kuma bai hau ba. Gidan mai gyaran wuta, amma da tocila yara suke neman takalmansu. Na ji an ce ubangidansa ya kusa gama zauren, zai fara wani aikin, kuma wanda ya ɗauka hannunsa biyu lafiya.

Ni ban yi karatunku ba. Na ɗaga an ce laifi, na bari ga abin da ya faru. Ki faɗa min wanne zan yi, amma ki faɗa dalla-dalla, kuma ni za ki aiko wa, ni ba na ninke takarda.

Matar ƙaninki

*

Ƙanwata,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, an kusa sallamarmu. Na gode da kika rubuto, rubutunki ma ya fi nasa tsayuwa a layi.

Maganar nan ni na rubuta ta, kuma na gutsure ta. Nufina ki cire hannu a lokacin da yake gwada ɗagawa da kansa, ban ce ki bar miƙar da shi gaba ɗaya ba. Kafaɗar da ta goce aka rataye ta, in ba a bi ta da miƙarwa ba daskarewa take yi, ko ta danginmu ce. Ina da mutane a ɗakin gashi da shekara ta zagayo ba sa iya taje kansu, saboda ba su samu mai yi musu abin da kika yi ba. Da ba ki yi ba, da yanzu ba zancen tsani muke ba, zancen yadda zai sa riga muke. Ki karanta wa Goggo wannan, ta kai wa dangi yadda ta kai na farko.

Fensir ya tsaya ne domin hanyar ta fara toshewa. Ƙarfi ba ya kai hannu inda gaɓa ta ƙi zuwa, ki tambaye shi labarin Dogo da ƙarin matakinsa. Ni ma haka nake, ina ɗaga ƙato, amma zif ɗin bayan rigata sai na nemi mai ja min.

Ga yadda za ku raba aikin. Safe naki ne. Ki gasa, ki ɗaga a hankali har inda ya fara ja, ki dakata can kaɗan, kada ki kai shi ga ƙara. Kada kuma ki ce sai kin naɗe shi kamar da, in ya kai kunne ya isa aiki. In kin kai shi sama ki ce ya riƙe, ki sassauta yatsunki ba tare da kin janye ba, ya sauko da shi da kansa. Yamma tasa ce shi kaɗai, bango da kofi. A nan za ki ga hannun yana rawa, yana gumi a kan kofin da ƙaramarku ma za ta ɗauka, naki hannun zai yi ta ƙaiƙayi. Ki nemi abin da za ki yi da shi.

Ki ce masa sunan Roba ba ni na sa ba, ba kuma ni zan cire ba. Ya rubuto.

Yayarku

*

Yaya Likita,

Ina gaisuwa. Na ji kin dawo bakin aikinki, barka da hanya. Muna lafiya. Ƙaramar ta fara tafiya. Goggo ta kai saƙonki gida-gida, har ta ƙara da nata. Dogo ya warke, sai nuna wa mutane tabon yake yi.

Na yi shiru ne domin ba ni da abin faɗa. Yanzu akwai kaɗan.

Mun bi rabon aikin. Safe ba matsala. Yamma ce wahala, kuma ba a wurina kaɗai ba. Kwanakin farko, da zarar kofin ya fara rawa sai in ji yatsun mai ɗakina a gwiwar hannuna. Muka yi faɗa, muka shirya. Daga baya ta samo dabara, in zan fara sai ta zauna a bakin gado ta danne tafukanta biyu a ƙarƙashin cinyoyinta, tana kallo. Kofi ya koma da ruwa, daga nan gwangwanin madara, daga nan dutsen guga. Layin fensir ya wuce saman ƙofa. Na gane abin nan da yaren aikina: da can waya ta kai ɗaki amma ba wuta a cikinta, da wutar ta fara zuwa kuma sai wayar ta gaza. Ke kaɗai na faɗa wa wannan, kada a ce na fara wa'azi.

Ubangidana ya fara sabon aikin ba ni. Na aika masa, ya ce maganarsa tana nan, in zo ranar Asabar da safe, akwai tsani akwai ƙwai. Bai ce akwai wuri ba.

Jiya da yamma na fito da tsanin gida na kafa a baranda. Na ɗora hannun hagu a matakin sama, na ce masa ya zauna nan. Na dama ya tafi a hankali, ya tsaya yana rawa daidai inda ya saki fanka, sannan ya wuce. Na kwance ƙonannen ƙwan, na sauko da shi, na miƙa wa mai ɗakina, ta miƙo sabo. Karo na biyu ya fi wuya, gumi har cikin ido. Ina cikin murɗawa na duba ƙasa. Ta ƙanƙame ƙafafun tsanin har jijiyoyi sun fito, idonta a kan gwiwar hannuna, amma ba ta taɓa ni ba.

Na ce ta je ta kunna mu gani. Ta ce ba inda za ta sai ƙafata ta taɓa ƙasa. Na sauko, ta kunna, yara suka sami takalmansu ba tocila.

Ranar Asabar ba zan kai masa takardar kowa ba.

Ƙaninki,
Roba